Me ya sa abs ke dawo da −128? Sharhi kan cire alamar debewa a lissafin jerin lambobi

A lissafin makaranta da wuya a samu doka mai sauƙin wannan: an ba ka lamba, ka faɗi tazararta daga sifili. Tazarar 7 bakwai ce, tazarar −7 ma bakwai ce. Ana rubuta ta tsakanin sanduna biyu a tsaye, |x|, salon da masanin lissafi Bajamushe Karl Weierstrass ya shigo da shi a 1841. A kwamfuta kuwa kusan kowane yaren rubuta manhaja yana da umarni mai suna abs da ke wannan aiki, kuma alƙawarinsa ɗaya ne tak: kome ka ba shi, ba zai dawo maka da abin da ke ƙasa da sifili ba.

To ka buɗe Python, ɗaya daga cikin waɗannan yaruka, ka kira NumPy, tarin umarninsa na lissafin jerin lambobi, ka rubuta wannan:

np.abs(np.array([-5, -127, -128], dtype=np.int8))

Amsar da za ta fito ita ce 5, 127, −128. Babu gargaɗi, babu jan rubutu, manhajar ba ta tsaya ba. Ta miƙo maka lamba mai alamar debewa a matsayin tazara, ta wuce abinta.

Wannan ba ɓaraka ce da aka manta ba a toshe ba. Haka aka tsara shi, kuma akwai dalili. Abin da ya sa na ɗauki batun da zafi shi ne yanayin aikin jeri kansa. Wanda ke lissafi da lamba ɗaya idonsa na kanta, in ta fito a karkace zai gani. Wanda ke lissafi da jeri mai lambobi miliyan goma ba ya kallon ko ɗaya daga cikinsu. Jimla yake kallo, ko matsakaici, ko hoton da aka zana daga sakamakon. Gurɓatacciyar lamba tana shigewa cikin taron, ta karkatar da amsa kaɗan, amsar kuma ta ci gaba da kama da gaskiya.

Tushen maganar shi ne abs ba umarni ɗaya ba ne, umarni ne da yawa da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya. Mutanen da suka yi aiki da tsohon Fortran sun san haka tilas, domin a wurinsu kowane nau'in lamba da nasa: IABS na cikakkun lambobi, ABS na masu ɗigo, DABS na masu ɗigo masu ninkin daidaito, CABS na lambobi masu ɓangare biyu, irin 3+4j da za mu gani a gaba. Fortran 77 ne ya ba da damar a rubuta ABS kawai, na'ura ta zaɓo wanda ya dace. NumPy, wanda Travis Oliphant ya haɗa a 2005 daga Numeric na Jim Hugunin da kuma Numarray, ya bi wannan hanya. A cikinsa np.abs da np.absolute abu guda ne, kuma a bayan sunan akwai tarin ƙananan madaukai da aka rubuta da yaren C, kowane nau'in lamba da nasa madauki. Sauƙin da aka samu ba ƙarami ba ne. Sai dai sunan bai ɗaya ya sa mutane da yawa sun daina tambayar wane nau'i ke hannunsu, alhali amsar ta rataya ne a kan nau'in.

Mu fara da cikakkun lambobi, inda −128 ɗin nan ya fito. Nau'in int8 yana da bit 8, kowane bit ko 0 ko 1, saboda haka siffofi 256 ne kawai za a iya samu. Sifili ya ɗauki ɗaya. Saura 255, kuma 255 ba ta rabuwa biyu daidai. Dole ɓangare ɗaya ya fi ɗaya da guda, aka bar rarar a ɓangaren debewa: daga −128 zuwa 127. Wato 128 ba ta da mazauni a wannan nau'i kwata-kwata. Tambayar tazarar −128 tambaya ce da amsarta ba ta da inda za a ajiye ta.

Yadda furosesa ke juya alama yana nuna abin a fili. Dokar ita ce a birkice kowane bit, sannan a ƙara ɗaya. Lambar 5 ita ce 00000101. In an birkice ta koma 11111010, a ƙara ɗaya ta zama 11111011, wannan ita ce −5. A sake yin haka a kan −5, sai a dawo 5. Yanzu a gwada da −128, wadda siffarta 10000000. A birkice: 01111111. A ƙara ɗaya: 10000000. An dawo inda aka tashi. Haka abin yake a kowane faɗi: −32768 a int16, −2147483648 a int32, da wata doguwar lamba mai haruffa 19 a int64. Kowane nau'i yana da lamba ɗaya a can ƙasa wadda ba ta da abokiyar tagwaitaka a sama.

Wani zai ce lamba ɗaya cikin 65536 da int16 ke da su, yaushe za a haɗu da ita? Amsar ita ce a daidai lokacin da ta fi cutarwa. Sautin da aka naɗa a fayil na WAV galibi int16 ne, haka kuma scipy.io.wavfile ke miƙo shi. Idan mai magana ya matso da baki jikin makirfo, ko aka ƙure ƙarar, igiyar sautin takan bugi rufi da ƙasa ta manne a can: 32767 a sama, −32768 a ƙasa. Ba sau ɗaya ba, sau ɗaruruwa a jere. Mai tace muryoyi, misali wanda ke tattara maganganun Hausa da aka naɗa da waya don koya wa kwamfuta jin magana, yakan so ya ware fayilolin da suka fashe haka, sai ya rubuta np.abs(x) >= 32767 ya ƙirga. Duk waɗanda suka manne a ƙasa za su tsere wa wannan gwaji, tunda abs ya bar su da alamar debewarsu. In kuma matsakaicin ƙarfin sauti yake nema da np.abs(x).mean(), kowace −32768 za ta ja jimlar ƙasa maimakon ta ɗaga ta, har fayil mai tsananin ƙara ya bayyana kamar ya fi natsuwa. Lambobin gefe ba baƙi ba ne a bayanan da aka auno daga duniya, domin duk na'urar awo da aka fi ƙarfinta a gefe take tsayawa.

Yarukan kwamfuta sun rabu kan yadda za a yi da wannan marainiyar lamba, kuma rabuwar tasu abin nazari ce. Ƙa'idar yaren C ta wanke hannunta: ta ce sakamakon ba shi da tabbas, kome na iya faruwa. Java yana dawo da lambar yadda take da alamarta, sai a Java 15, a 2020, aka ƙaro Math.absExact mai tsayar da aiki ya yi ƙorafi. Julia ma yana dawo da −128 kuma ya rubuta hakan ƙarara a bayanansa. MATLAB ya zaɓi ya tsaya a bakin iyaka, ya ba da 127, amsar da ta kauce da guda ɗaya kacal. R kuwa ya yi dabara tun daga tushe: ya ɗauke −2147483648 daga sahun lambobi ya mai da ita alamar NA, wato gurbin bayanin da babu, sai ɓangarorin biyu suka daidaita. Shi Python tsantsa, ba tare da NumPy ba, cikakkun lambobinsa ba su da iyaka, suna faɗaɗa gwargwadon buƙata, abs(-128) kullum 128 ne. Wannan ne ma ke yaudarar ɗalibi: ya saba da Python mai yalwa, ya shiga NumPy yana zaton dokar ba ta canja ba.

A ganina hanyar MATLAB ta fi tausaya wa mai aikin sauti da hoto, hanyar R kuma ta fi tsabta. Amma ban ga laifin NumPy sosai ba. Duba kowace lamba don a ga ko ita ce marainiyar zai rage gudun da saboda shi aka zo wurin NumPy tun farko, kuma faɗaɗa nau'in sakamako kai tsaye zai ninka memorin da ake ci, sannan int64 ba shi da wani nau'i mai alama da ya fi shi faɗi da za a gudu zuwa gare shi. Abin da NumPy ya yi shi ne ya ɗora nauyin a wuyan mai rubutu. Ba matsala in mai rubutun ya san an ɗora masa.

Maganin ba shi da wuya. A faɗaɗa nau'in da astype, umarnin sauya nau'in lamba, kafin a kira abs: np.abs(x.astype(np.int32)) ga sauti, ko a mai da shi lamba mai ɗigo tun da wuri. Akwai kuma wata hanya da nake jin daɗinta saboda tana nuna cewa furosesar ba ta yi kuskure ba tun asali. Siffar 10000000, in an karanta ta a matsayin lamba marar alama, 128 ce cif. Saboda haka np.abs(x).view(np.uint8) yana ba da amsa daidai ga kowace lamba ta int8, ba tare da an kwafi kome ba, tabarau kawai aka sauya. Abin da unsigned_abs na yaren Rust ke yi ke nan. Masu matse manyan manhajojin basirar na'ura zuwa int8 su kuma sun bi sawun R: sukan nemo lamba mafi girman tazara a jerin, su raba ta da 127 don samun ma'auni, su tsare nauye-nauyen tsakanin −127 da 127, su bar −128 ba a taɓa ta ba.

Amma tarkon da ya fi kama mutane ba −128 ba ne. Yana wurin lambobi marasa alama, kuma a nan abs bai ma samu damar yin kome ba. Hotuna kusan duka uint8 ne, wato bit 8 marasa alama: kowane ɗigon hoto daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Mai son gano motsi a kyamarar tsaro yakan ɗauki hotuna biyu da ke bin juna ya rubuta np.abs(a - b), da nufin ya ga inda aka samu canji. A ce wani ɗigo yana 10 a hoton farko, 20 a na biyu. Bambancin ya kamata ya zama 10. Amma debewar ta riga ta faru a cikin uint8, inda babu −10. Kamar agogon bango ne: in ƙarfe 2 ne ka koma baya da awa 5, ba za ka ga −3 a fuskarsa ba, ƙarfe 9 za ka gani. Haka 10 − 20 ke zagayowa ta zama 246. Lokacin da abs ya karɓi 246, lamba ce mai lafiya a idonsa, ya miƙa ta gaba yadda take. Kiran abs a nan ihu bayan hari ne.

Sakamakon a ido yana da ban mamaki ga wanda bai san dalili ba. Hoton bambancin, wanda ya kamata ya zama baƙi in ban da inda mutum ya gifta, sai ya cika da fararen ɗigo barkatai, domin duk inda haske ya ƙaru da guda ɗaya tak ana samun 255. Mutum ya yi ta zargin kyamara ko wutar lantarki. Gyaran shi ne np.abs(a.astype(np.int16) - b), inda bambanci daga −255 zuwa 255 ke da wurin zama. A lura da inda astype ya tsaya: in aka sa shi a ƙarshe, bayan debewa, 246 ɗin ce kawai za a saka wa babbar riga. Wanda ba ya son faɗaɗa nau'i yana iya rubuta np.maximum(a, b) - np.minimum(a, b), wanda ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, ko ya yi amfani da cv2.absdiff na OpenCV, tarin umarnin sarrafa hoto, da aka ƙera musamman don wannan.

Lambobi masu ɗigo duniyarsu daban. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda William Kahan na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya zama jigonta har ya samu lambar yabo ta Turing a 1989, ta ware wa alama bit nata na kanta. A float64, lamba mai ɗigo mai bit 64, bit 1 na alama ne, 11 na ma'aunin girma, 52 na haruffan lambar. Aikin abs a nan shi ne ya mai da bit ɗin alama 0, shi ke nan. Babu marainiya, babu zagaye, babu asarar daidaito ko ƙwayar zarra. Da kowa zai kira np.abs ya tsaya a nan, da babu abin faɗa. Matsalar tana zuwa ne daga masu ƙera nasu abs da hannu.

Na farko shi ne np.where(x < 0, -x, x). A takarda daidai yake. Amma tunda alama bit ne mai zaman kansa, akwai sifili biyu: 0.0 da −0.0. Gwajin x < 0 yana cewa a'a ga −0.0, sai ta wuce da alamarta. Sau da yawa babu abin da zai biyo baya, domin sifilan biyu suna daidai in an gwama su. Sai ranar da aka raba 1 da ita, aka samu rashin iyaka ta ɓangaren debewa maimakon ta sama. Ko aka miƙa ta ga np.arctan2, umarnin nemo kusurwa, wanda ke ba da π ga (0.0, −1) amma −π ga (−0.0, −1), kusurwa ta yi tsalle da cikakken zagaye. Shi np.abs na gaskiya yana goge alamar ko a kan sifili.

Na biyu ya fi haɗari: np.sqrt(x * x), wato a ninka lamba da kanta sannan a nemo tushenta. Babbar lamba da float64 ke iya riƙewa tana kusa da 1.8e308, wato kusan 2 mai sifili 308 a bayanta. Duk lambar da ta haura kimanin 1.3e154, in an ninka ta da kanta sai ta tumbatsa ta zama rashin iyaka. Ta ɗaya gefen, 1e-200 in an ninka ta da kanta tana nutsewa ta zama sifili. Mai karatu zai ce wa ke aiki da irin waɗannan lambobi, kuma yana da gaskiya a float64. Amma float16, wanda ya cika aikin horar da basirar na'ura a yau, iyakarsa 65504 ce. Ninka 256 da kanta ya ba da 65536, an riga an fita. A int16 kuma 200 sau 200 ba 40000 ba ce, −25536 ce, tushenta kuwa NaN, alamar abin da ba lamba ba.

Akwai kuma np.fabs da wasu ke ɗauka tagwayen np.abs ne. Yana mai da kome lamba mai ɗigo kafin ya yi aiki, don haka −128 takan fito 128.0 lafiya. Farashin shi ne manyan lambobin int64 da suka wuce 9007199254740992 sukan rasa haruffansu na ƙarshe a float64, sannan ba ya karɓar lambobi masu ɓangare biyu sam.

Su waɗannan masu ɓangare biyun, irin 3+4j, a wurinsu ne abs ya zama lissafi na sosai. Ana ɗaukar lambar a matsayin ɗigo a shimfiɗe, 3 a kwance 4 a tsaye, yadda Jean-Robert Argand ya zana a 1806, tazararta daga tsakiya kuwa dokar Pythagoras ce ke ba da ita: tushen 9 da 16 a haɗe, wato 5. Duk wanda ya taɓa kiran np.fft.fft don ya ga sautukan da ke cikin murya ya bi ta nan, domin abin da ke fitowa jeri ne na irin waɗannan lambobi, kuma np.abs ne ke mai da su ƙarfin kowane amo. Nau'in ma yana sauyawa: complex128 ya shiga, float64 ya fito.

A nan tumbatsar da muka gani ɗazu ba zaɓi ba ce, tana cikin dokar kanta, tunda dole a ninka ɓangarorin. Lambar 3e200+4e200j tazararta 5e200 ce, wadda float64 ke riƙewa ba wahala, amma in an bi Pythagoras kai tsaye za a mutu a hanya. Shi ya sa NumPy ke bin hanyar da ake kira hypot. Asalin dabarar shi ne a fitar da babban ɓangaren waje: a raba ƙaramin da babban, a samu 0.75, a ninka shi da kansa a ƙara 1, a samu 1.5625, tushensa 1.25, a ninka da 4e200, ga 5e200. Ba a taɓa ninka babbar lamba da kanta ba. Batun ya daɗe yana cin hankalin masana, har Cleve Moler, wanda ya ƙirƙiro MATLAB, da Donald Morrison suka wallafa wata hanya a 1983 da ke kai wa ga amsar ba tare da neman tushe ba ko sau ɗaya.

Wannan kulawa tana da tsada, kuma wani lokaci ana biyanta a banza. Mai neman ƙarfin amo a ninke yakan rubuta np.abs(z) ** 2, wato tazarar a ninke da kanta: ya wahalar da na'ura ta nemo tushe, nan take ya rushe shi. Rubuta z.real ** 2 + z.imag ** 2 ya wadatar in lambobin ba su kusa da iyaka ba. Julia ma ya ware wa wannan umarni na musamman, abs2. Mutanen da suka rubuta BLAS, tarin umarnin lissafin jeri da aka fara fitarwa a 1979 wanda har yau NumPy da MATLAB da R ke jingine a kansa, sun fi haka tsumulmula. Umarninsu izamax, mai nemo lamba mafi girma a jeri mai ɓangare biyu, ba ya lissafa tazarar gaskiya. Yana haɗa tazarar ɓangaren farko da ta na biyu ne kawai. A wurinsa 3+4j bakwai ce, saboda haka ta fi 6+0j, alhali a gaskiya 5 ba ta kai 6 ba. Da gangan suka yi. Ana amfani da shi ne wajen zaɓen lambar da za a raba da ita in ana warware tarin lissafai, inda abin buƙata kawai kada a zaɓi 'yar mitsitsiya, kuma wannan ƙiyasi ba ya wuce gaskiya da fiye da ninki 1.42. Ina ganin wannan misali ne na gwaninta: sun san ainihin abin da aikin ke nema, suka biya daidai shi.

Maganar gudu ba ta da tsawo. Madaukin Python mai bin lambobi ɗaya bayan ɗaya yana ɓata mafi yawan lokacinsa wajen tantance kowace lamba, np.abs kuwa yana tantance nau'i sau ɗaya ya saki furosesa a kan jerin. Furosesa mai AVX2, fasahar sarrafa lambobi da yawa a tare, tana kama bit 256 a bugu ɗaya, wato float64 guda 4 ko int8 guda 32. Aikin ya yi sauƙin da a manyan jeruka jiran memori ne ke cin lokaci, ba lissafin ba. Jeri mai float64 miliyan 100 yana cin megabait 800. Rubuta np.abs(a - b) yana ƙirƙiro sabon jeri na bambancin, sannan wani na tazarar, ga a da b suna zaune: jeruka huɗu, gigabait 3.2, a kwamfutar da wataƙila 4 gare ta duka-duka. In aka rubuta d = a - b, sannan np.abs(d, out=d), an zuba amsar a inda bambancin yake, an tsira da megabait 800.

Saura abin da ba nau'in lamba ya jawo shi ba, shi ne abin da abs ke zubarwa. Alama bayani ce, kuma in an goge ta ba ta dawowa. A ce ma'aunin zafi biyu ake gwadawa. Kurakuran na farko +3, −3, +3, −3. Na biyu +3, +3, +3, +3. Matsakaicin tazarar kuskure, np.abs(e).mean(), 3 ne ga dukansu. Amma na biyun ciwonsa mai sauƙi ne, a debe 3 daga duk abin da ya faɗa ya warke, na farkon kuwa rawa yake yi. In kuma aka juya tsarin, aka rubuta np.abs(e.mean()), na farkon zai fito da sifili kamar ba shi da aibi. Umarni biyun iri ɗaya ne, wurin zamansu kawai aka sauya, tambayar da ake amsawa ta zama wata dabam. Mai kawo rahoto ɗaya daga ciki ba tare da ɗayan ba ya ɓoye rabin labarin, ko da bai nufa ba.

Auna kuskure da tazara tsohuwar hanya ce, ta ma girmi ta ninkawa: Roger Boscovich ya yi amfani da ita a 1757 wajen nazarin siffar duniya. Kyanta shi ne lamba ɗaya da ta bauɗe ba ta rinjayar sauran, shi ya sa take kai mutum ga lambar tsakiyar jeri maimakon matsakaici. Aibinta kuma in an zana ta tana da kusurwa a kan sifili, inda gangara ke tsalle daga −1 zuwa +1 ba tare da ta bi ta tsakiya ba. PyTorch, manhajar horar da basirar na'ura, yana ɗaukar gangarar a matsayin 0 a daidai wannan wuri don horo ya ci gaba, Peter Huber kuma tun 1964 ya kawo ma'aunin da ke lanƙwasa kusurwar a kusa da sifili ya bar ta miƙe a nesa.

Inda abs ya fi yawan aiki a ɓoye shi ne gwama lambobi masu ɗigo. Tunda 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, ba a tambayar ko a da b daidai suke, ana tambayar ko tazararsu ƙarama ce. Dokar np.isclose ita ce |a − b| kada ta wuce atol + rtol × |b|, inda rtol, rangwame gwargwadon girman lamba, ke 1e-5, atol, tsayayyen rangwame, ke 1e-8 in ba a sauya su ba. Abu biyu ke nan da ya kamata a sani. Da b kaɗai ake auna rangwamen, don haka musanya a da b na iya sauya hukunci a bakin iyaka, saɓanin math.isclose na Python da ke duban wanda ya fi girma a cikinsu. Sannan atol ɗin nan yana hadiye ƙananan lambobi: np.isclose(1e-9, 2e-9) yana cewa eh, alhali ɗaya ninkin ɗaya ce. Wanda bayanansa ƙanana ne a ɗabi'arsu dole ya sa nasa atol.

Gwajin da mutum ya rubuta da hannunsa ma yana da rami. An saba rubuta cewa in np.abs(e).max() > tol, wato iyakar kuskuren da aka yarda da shi, a tsayar da aiki. To a ce lissafin ya lalace har NaN ta shiga jerin. Tazarar NaN ita ce NaN, max ya ɗauko ta ya fito da ita, kuma duk gwamin girma da aka yi da NaN amsarsa a'a ce: ba ta fi tol ba, ba ta gaza tol ba, ba ta ma daidai da kanta. Gwajin zai ce babu matsala a daidai lokacin da kome ya rushe. In aka juya shi, aka rubuta not (np.abs(e).max() <= tol), NaN za ta faɗi gwajin na ciki, not ya mai da faɗuwar ƙararrawa, aikin ya tsaya.